Kwalta a Gefen Tauraro

Uolevi ba mugu ba ne, a fara sanin wannan. Idan motarka ta kafe a ƙanƙara, shi zai riga kowa isowa da igiya. Bakinsa ne kawai ya fi shi girma.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin garin Mikkeli da ƙauyuka, amma ba za ka taɓa jin wannan a bakinsa ba. Labarinsa ɗaya ne: da yana saurayi ya yi aiki a jirgin ruwa har ya je Tanja. Abin da ba ya faɗa shi ne kwana biyu jirgin ya yi a tashar, shi kuwa yana kwance ciki na murɗa masa, ta taga ya hango Afirka. Matarsa Sylvi ta sani, duk bakin tafkin nan an sani. Shi ya sa Kauko, ƙanin Sylvi, ba ya kiransa da wani suna sai Kyaftin.

Gidan katakon da suke hutu a bakin tafki gadon su Sylvi ne, ita da yayarsu Tyyne da Kauko. Mahaifinsu ya bar musu gidan, ya bar musu tsohon akwatin wasan Tauraron Afirka, ya kuma bar musu doka. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan bikin tsakiyar bazara, an sha kofi, sai a shimfiɗa allon. Wanda ya ci wasa shi ke nuna wanda zai kwashe masai.

Masan kuwa ɗan ɗaki ne a bayan itatuwa, da ƙofa ƙarama ta baya inda ake zura shebur. Abin shekara guda ne ake kwashewa. Ba sai an yi dogon bayani ba.

Shekara ashirin da uku Uolevi bai taɓa ci ba, kuma shekara ashirin da uku shi ake nunawa. Tyyne ta ci, ta nuna shi. Kauko ya ci, ya nuna shi. Sylvi ma sau huɗu ta ci, sau huɗu ta nuna mijinta, ta ce ranar kaɗai take samun ya yi shiru na awa uku.

Bana sai ya ce ya isa haka.

Mako guda kafin ranar ya zo gidan shi kaɗai, wai zai shafa wa kwale-kwale kwalta. Ya shafa ɗin. Da ya gama sai ya ɗauko akwatin wasa ya zazzage 'yan fayafayan kwalin nan talatin da ake kifawa a kan garuruwan taswirar Afirka da ke jikin allon. Wani fanko ne, wani dutse mai daraja, wani ɗan fashi, wani takalmin doki. Ya tsamo Tauraron, ya dangwalo kwalta da tsinke ya zagaya gefensa siriri, yadda ido ba zai gani ba.

"Ido a'a, hanci e," ya faɗa wa kansa. "Hancin ɗan jirgi. Ni da nake jin ƙamshin gaɓar teku kwana biyu kafin a hango ta."

Ya mayar da komai, ya rufe akwati, ya ajiye a kan kanta kusa da taga inda rana ke bugawa.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Bai tsaya ba. Ya saya wa Kauko safar hannu ta roba mai tsawo har gwiwar hannu, aka naɗe masa a takardar kyauta. Ya ɗauki shebur ya rubuta KAUKO a jikinsa da farin fenti, manyan baƙaƙe. Sannan ya tuƙa kwale-kwale ya tsallaka wurin maƙwabta, Rauha da mijinta Vilho.

"Ku zo ranar Asabar ku ga abin da ba a taɓa gani ba," in ji shi. "Kauko zai riƙe shebur."

Rauha ta ce, "Kai da kanka za ka ci?"

"Na riga na ci. Bugawa ce kawai ta rage."

Vilho kuwa a shekara ba ya wuce magana goma, kuma ya riga ya yi shida.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Sylvi ta gasa burodin kirfa, aka sha kofi kofi biyu biyu. Rauha ba ta zo ita kaɗai ba, ta kwaso mutanen gidaje uku, har wasu suna tsaye a baranda suna leƙe ta taga. Uolevi ya ajiye kyautar Kauko a tsakiyar tebur, ya jingine shebur a bakin ƙofa yadda kowa zai karanta.

Kauko ya dubi shebur ya ce, "Kyaftin, rubutunka ya yi kyau. Ka yi shekaru kana kallon shebur ɗin nan, dole ka san inda fenti zai zauna."

"Yi dariya, yaro. Gobe da hanci a toshe za ka yi ta."

Yaron nan shekararsa sittin da shida.

Tyyne ce babba, tana da tamanin da ɗaya, ita ke shirya allo tun rasuwar mahaifinsu. Ta ɗaga murfin akwati. Sai wani wari ya tashi ya cika ɗakin, kamar an shigo da kwale-kwale an kifa a kan tebur.

Rauha ta ce, "Kai! Me ya mutu a ciki?"

"Ƙamshin tsufa ne," in ji Uolevi da sauri. "Kwali idan ya tsufa haka yake yi."

Tyyne ta ce, "Ni ma na tsufa, ban fara haka ba."

Ta juya fayafayan a kife ta gauraya su, ta bi garuruwa tana ɗora ɗaya ɗaya, a hankali kamar mai dasa albasa. Ta raba wa kowa fam ɗari uku na takarda. Ita da Sylvi suka ajiye 'ya'yan wasansu a Alƙahira, Kauko da Uolevi a Tanja. Garuruwan nan biyu su ne gida, sai ka komo ɗayansu da Tauraro ka ci wasa.

"Garina," in ji Uolevi.

"Tagarka," in ji Kauko.

Uolevi ya sunkuya a kan allo ya ja numfashi. Mako guda a rufe cikin zafin rana, kwaltar ta bi komai. Marrakesh na warin kwalta, Timbuktu na warin kwalta, har kuɗin takarda da ɗan jifan nan mai ido shida. Ya kai hanci arewa, ya kai kudu, ya bi gaɓar yamma yana shaƙa har gashin bakinsa ya ture ɗan wasan Sylvi.

"Tsoho, lafiya?" in ji Sylvi. "Me ka yar?"

"Nazari nake."

"Da hanci?"

Rauha ta juya wajen na baranda ta ce, "Karenmu ma haka yake nazarin takalmin baƙi."

Ya ɗago da fuska ja. Hancinsa dai ya ce Marrakesh ta fi wari, ya jefa ɗan jifa ya taka zuwa can. Mai haƙuri yakan jira zagaye na gaba ya gwada sa'a, in ya jefa huɗu ko biyar ko shida a buɗe masa kyauta. Uolevi ba ya jira. Ya dire fam ɗari ya ce, "Kowa ya buɗe ido."

Kowa ya buɗe. Fanko.

"Da gangan na yi," in ji shi. "Ina ɗumama hannu."

Hanci ya ce Timbuktu. Ya taka zagaye uku ya isa, ya sake dire ɗari, ya juya faifai. Takalmin doki.

"Tarkace!" Ya wurga shi cikin akwati. "Takalmin doki kafin a ga Tauraro ko kofi ba zai saya maka ba. Wasan matsorata ne ma, mutum ya sha wuya ya nemo Tauraro, wani ya tsinci ƙarfe ya riga shi gida ya ce ya ci."

Tyyne ta ce, "Haka dokar take." Ita tana can kusa da Alƙahira tana 'yan kai da komo, ba ta buɗe komai ba sai faifai ɗaya.

Kauko kuwa ya riga ya tono dutsen zumurrudu, yana fifita da fam ɗari shida.

Uolevi ya isa Saliyo da ɗari ɗaya tak a hannu. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya yi atishawa har kuɗin banki suka tashi sama. Ya biya ɗarinsa ta ƙarshe. Dutse ruwan ɗorawa, fam ɗari uku.

"Kun gani?" Ya miƙe tsaye. "Na ce muku na san ƙasar nan kamar tafin hannuna!"

A daidai nan ne wani ƙuda ya shigo ta taga. Ya zagaya burodi, ya zagaya kan Vilho, ya sauka a gefen faifan da ke kan tsibirin Santa Helena, can tsakiyar teku. Ya yi nufin tashi, ya kasa. Ya ja ƙafa, ya kaɗa fiffike, yana nan a manne.

Uolevi ya zauna a hankali. Zuciyarsa na bugu kamar injin tsohuwar bas ɗinsa. Ga Tauraro nan, kwalta ta kama ƙuda. Kuma daga Saliyo akwai hanyar ruwa, akwai ta sama.

Sylvi ta ga inda yake kallo. Shekara arba'in da biyar tana aure da shi, ta ji tausayinsa. Ta ce, kamar da kofinta take magana, "Jirgin ruwa ɗari ne. Buɗewa ɗari. Dawowa ɗari. Mai ɗari uku dai ya isa gida."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya ji. Har ya ɗauko ɗari guda.

Sai Kauko ya ce, "Jirgin ruwa, Kyaftin? Ka tuna cikinka. A kawo bokiti."

Aka kwashe da dariya har baranda.

"Ga 'yan fashin teku a bakin tsibirin," in ji Kauko, "in suka kama ka sai ka jefa ɗaya ko biyu. Ni dai ina da kuɗin jirgin sama. Tsibirin nan ya fara ba ni sha'awa."

Ƙarya yake, ko kallon wajen bai yi ba. Amma Uolevi ya ga ɗari shida a hannunsa, ya ga Tauraro na tafiya. Ya tattara ɗari ukun gaba ɗaya ya buga a tebur.

"Jirgin sama! Manya ba sa jiƙa takalmi."

Sylvi ta rufe ido ta ce, "Wayyo tsoho."

Ya ɗaga ɗan wasansa yana kwaikwayon ƙarar jirgi da baki, ya dire a Santa Helena. Aljihu wayam. Yanzu sai ɗan jifa ya yarda.

Ɗan jifa bai yarda ba. Zagayen farko ido ɗaya. Na biyu ido biyu. Na uku ya hura masa iska, ya murza shi a gashin baki, ya ba shi uku. Na huɗu ya kira shi da sunaye masu daɗi, ya ba shi ɗaya. Na biyar ya fusata ya wurga da ƙarfi, ɗan jifa ya daki farantin burodi ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin Vilho.

Uolevi ya leƙa ya yi ihu. "Shida! Ku zo ku gani, shida ne!"

"A kofi ba a ƙirgawa," in ji Tyyne.

"Wa ya ce?"

"Kai. Shekarar da nawa ya faɗa a miya."

Vilho ya tsamo ɗan jifa da cokali, ya goge, ya miƙa, ya ci gaba da shan kofinsa.

A zagaye na bakwai Allah ya ji tausayinsa, biyar ta fito. Ya kore ƙudan, ya sa yatsa biyu ya juya faifai.

Tauraro.

Ai kuwa sai ya hau kujera. Mutum mai saba'in da biyu, da ciwon gwiwa. Ya ɗaga Tauraro sama, ya manna shi a goshi, ya yi jawabi. Ya gode wa teku da ta koya masa. Ya ce wasu suna wasa da sa'a, shi da ilimi yake yi. Ya shawarci Kauko ya fara daga kusurwar hagu, nan ya fi laushi. Ya ce Rauha ta buɗe kyautar ta auna wa yaron ko ta yi masa daidai.

Tyyne ta jira ya gama. Ta ce, "Madalla. To, kai shi gida."

"Yanzu kuwa. A ba ni jirgin ruwa."

"Ɗari."

Ya sauko daga kujera. Ya duba gabansa, ya ɗaga faranti, ya leƙa ƙarƙashin allo.

"To ai," in ji shi, "ai yanzu an gyara dokar. Duk sababbin akwatuna, wanda ba shi da ko sisi yana hawa kyauta, taku biyu biyu. Kowa ya sani."

Kauko ya yi wani murmushi mai faɗi, irin na wanda ya shekara bakwai yana jira. Domin shekara bakwai da suka wuce ɗan fashi ya tsiyata shi a Madagaska, ya roƙi wannan sabuwar dokar, aka hana shi. Ya ɗauko murfin akwati ya miƙa wa Rauha.

"Rauha, idonki ya fi nawa. Karanta mana abin da ke ciki."

Rauha ta gyara tabarau, ta juya wajen taga don na baranda su ji. "A gidan nan ba mai hawa jirgi kyauta. Wanda ya tsiyace a tsibiri ya zauna ya ci kwakwa. Sa hannu, Uolevi." Ta matso da murfin. "Har ya ja layi biyu a ƙarƙashin kwakwa."

"Wannan Madagaska nake nufi!"

"Tsibiri ka rubuta, Kyaftin."

Ya zaro walat ya fito da kuɗin gaske. Tyyne ta ce bankin nan fam kawai ya sani. Ya ce zai yi iyo. Sylvi ta ce ko a tafkin nan ba ya wuce inda ruwa ke kai masa cibiya. Ya ce to a jira wani jirgi ya zo wucewa ya taimaka masa. Kauko ya ce zai wuce, zai ma ɗaga masa hannu.

Santa Helena gari ɗaya ne, faifai ɗaya, kuma yana manne a goshinsa. Ba abin tonowa, ba hanyar fita. Duk zagayen da ya iso kansa sai a miƙa masa ɗan jifa don ladabi, ya miƙa gaba.

Saura kuwa suka bazama neman takalmin doki. Kauko ya buɗe faifai a Kongo, ɗan fashi ya kwashe masa komai, Uolevi ya ɗan farfaɗo ya tafa. Sylvi ta buɗe biyu, fanko. Ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Sylvi. 'Yar Sylvina. In kika ci, kin san wanda ya gyara miki rufin ɗakin wankan tururi."

"Na sani. Har yanzu yana yoyo."

Tyyne ta taka zuwa Tarabulus. Ba ta biya ba, ta jira, ta jefa huɗu, ta juya. Takalmin doki. Daga nan ta kama hanyar Alƙahira, ɗan jifa yana ba ta ɗaya, biyu, ɗaya, ita kuma tana ƙirga kowane taku da murya, tana tsayawa ta gutsiri burodi. Minti goma Uolevi yana kallon tsohuwa tana tafiya gida da ƙarfen da ya kira tarkace.

Ta dire ɗanta a Alƙahira. Ta ce, "Na iso. A tattara kaya."

Aka tattara. Faifai ashirin da tara.

"Tsoho, kawo Tauraro," in ji Sylvi.

Ya kai hannu goshi. Zafin ɗakin da gumi sun narkar da kwaltar, abin ya kama. Ya ja, fata ta biyo. Sylvi ta kama ta fizge, ya yi ƙara. Sai ga baƙin zobe a tsakiyar goshinsa, zagayayye tsaf, kamar an buga masa hatimin gidan waya.

Vilho ya ajiye kofi ya yi maganarsa ta bakwai a shekarar.

"Kwalta."

Tyyne ta ɗaga babban yatsanta, baƙi ƙirin. "Tun da nake shiryawa ya manne mini. Na ce to, wannan na Uolevi ne, bari in ajiye masa inda zai huta. Da ka hau jirgin ruwa da ka ci, ban hana ka ba. Amma na san mijin ƙanwata."

"Yaya Tyyne, wannan ai maguɗi ne!"

"Shi ne. A wurinka na gani." Ta nuna shi da baƙin yatsan. "Kai ne bana."

Kauko ya ɗauki kyautar ya miƙa masa da hannu biyu. "Ka zaɓo mai kyau, Kyaftin. Ni ba zan iya rabuwa da ita ba sai don kai."

Washegari da hantsi Uolevi yana bayan itatuwa da baro, safar hannu har gwiwa. Sylvi ta goge masa goshi da man shanu, zoben bai fita duka ba, sai ya ja hula ya rufe har gira. Ta kawo masa kofi ta ajiye a kan kututture, nesa kaɗan, ta gyara masa kwalar riga.

"Ba wanda ya iya shi kamarka," in ji ta. Kuma da gaske take.

Ya turo baro na uku ya biyo ta bakin ruwa, sai ga kwale-kwale cike da masu dawowa daga coci. Uolevi ya tsaya. Ya dubi kwale-kwale, ya dubi shebur. Ya ƙara jan hula, ya juya baya, ya ɗaga shebur sama yadda farin fenti zai kalli tafki.

Wani ya ɗaga murya daga cikin ruwa. "A'a! Sannu da aiki, Kauko! Ashe dai an kama ka bana!"

Uolevi ya kaɗa shebur sau biyu, bai juyo ba. Sai da suka yi nisa ya waiwayo wajen Sylvi, fuska kamar an ba shi sarauta.

"Kin ji da kunnenki. Na ce duk tafkin nan sai sun ga Kauko da shebur."